An Yi Hoto, An Ce A Sake Wani A Birni: Fashin Baƙi Kan Hoton CBCT Na Haƙori Da Muƙamuƙi

Mutumin karkara ba ya yawan gardama idan likitan haƙori ya ce sai an yi hoto. Ya saba da hoton ƙirji da na karaya, ya san amfaninsu. Inda rai ke ɓaci shi ne a yi hoton, a biya, likita ya ɗaga ya duba, ya ajiye, sannan ya ce, "Baba, wannan bai ishe ni ba, sai kun shiga birni an yi wani." Wanda ya taso daga wani ƙauye na Sumaila ko Kafin Hausa ko Babura, da jin haka lissafi yake farawa: kuɗin motar mutum biyu, don ba a zuwa asibiti babu ɗan rakiya, kuɗin abinci, wataƙila kwana a gidan ɗan'uwa a Kano, ga aikin gona da za a bari, tun ba a zo kan kuɗin hoton ba. Da yawa daga nan suke juyawa gida, su koma wa kanumfari da ƙwayoyin kemis.

Ɗaya daga cikin hotunan da ake tura mutum ya yi a irin wannan hali shi ne wanda likitoci ke kira CBCT, mai nuna haƙori da ƙashin muƙamuƙi ta tsawo da faɗi da kuma kauri. Mafi yawan masu ciwon haƙori ba su da bukatarsa ko kaɗan. Amma akwai 'yan tsiraru da idan aka yi musu aiki babu shi, ko babu babban wansa na CT, wato hoton asibiti mai nuna cikin jiki yanka-yanka, to da lalube aka yi, kuma da yawansu mutanenmu ne masu haƙuri da ciwo har ya yi nisa. Sanin ɓangaren da mutum ya faɗa shi ke nuna ko kuɗin motar nan asara ne ko wajibi.

Hoton eksire da muka saba da shi inuwa ce. Ana harba haske daga gefe ɗaya, ya ratsa kunci da ƙashi da haƙori, ya sauka kan fim ko ɗan faifai mai kama haske a ɗaya gefen. Abu mai tauri ya tare hasken ya fito fari, rami ko wuri mai taushi ya fito baƙi. Haka ake yi tun farkon 1896, lokacin da wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya sa aka ɗauki hoton haƙoransa 'yan makonni bayan Wilhelm Röntgen ya sanar da gano hasken, kuma sai da hasken ya yi minti 25 yana dukansa kafin hoton ya kamu. Yau ƙiftawar ido ce, amma aibin inuwa yana nan. Idan mutum biyu suka tsaya ɗaya a bayan ɗaya aka haska su da tocila, inuwa guda za a gani a jikin katanga. Ba a sanin wa ke gaba, ba a sanin ko taku uku ne tsakaninsu ko kafaɗa na gugar kafaɗa.

Hoton inuwar nan iri biyu ne aka fi yi. Akwai ƙarami da ake cusawa a baki, mai ɗaukar haƙori biyu ko uku har ƙarshen saiwa. Akwai kuma mai faɗi, wanda ma'aikatan asibiti ke ce wa OPG, inda inji ke zagaya kai ya shimfiɗa muƙamuƙin sama da na ƙasa a takarda ɗaya. Waɗannan biyun, haɗe da ido da hannun likita, sun wadatar a kusan duk abin da ke kai mutum kujerar haƙori. Sai dai OPG yana ƙara wa abu girma, ba kuma daidai-wa-daida ba, don haka ba a dogara da shi wajen awon da milimita ɗaya ke da muhimmanci.

Injin CBCT yana da hannu mai lanƙwasa. A baki ɗaya akwai mafitar haske, a ɗaya bakin akwai allo mai kama shi. Hasken yana fita ne a siffar mazurari, ya buɗe ya lulluɓe duk wurin da ake son gani a lokaci guda, saɓanin babban injin CT na asali da ke yanka jiki siriri-siriri yana zagayawa sau da yawa. Hannun ya zagaya kan mutum sau ɗaya, wani lokaci ma rabin zagaye, yana ɗaukar inuwoyi ɗaruruwa, kowace daga kusurwarta. Kwamfuta ta tattara su ta lissafa yawan hasken da kowane ɗan gurbi ya tare, ta gina muƙamuƙin daga 'yan ƙananan ɗigo masu tsawo da faɗi da kauri iri ɗaya, waɗanda girmansu ke kamawa daga ƙasa da milimita 0.1 zuwa 0.4. Da yake ɓangarorin ɗigon daidai suke, abin da likita ya auna a allon kwamfuta shi ne a cikin ƙashi. Yana iya yanka hoton ta gaba, ta gefe, ta sama, ya bi saiwa ɗaya daga kai har ƙarshe, ya juya muƙamuƙin ya leƙa ta gefen harshe.

Tarihinsa gajere ne. Injin CT na Godfrey Hounsfield ya ɗauki majinyaci na farko a Landan a 1971. Lissafin da ke mai da hasken mazurari ya zama hoto kuwa ba daga asibiti ya fito ba. Masu bincike uku ne na kamfanin motoci na Ford, Feldkamp da Davis da Kress, suka wallafa shi a 1984. Injinan haƙori na farko sun bayyana kusan lokaci ɗaya a ƙasashe biyu: NewTom a Verona ta Italiya, wanda aka ba da rahotonsa a 1998, da na Yoshinori Arai da abokan aikinsa a Japan a 1999. Amurka ta ba da izinin amfani da shi a 2001.

Ranar ɗaukar hoton babu abin tsoro. Ba allura, ba a hana cin abinci, ba a tura mutum cikin rami. A tsaye ko a zaune ake yi, a ɗora haɓa a kan matashi, a ciji wata 'yar roba, a tallafe kai. Zagayen bai cika wuce daƙiƙa 10 zuwa 40 ba. Abu biyu ke ɓata shi, motsi da ƙarfe. Haɗiyar yawu ko ɗan rawar kai na iya sa hoton ya dushe har a sake, shi ya sa yake wahala ga ƙananan yara da tsofaffi masu karkarwa. Mata za a ce su cire 'yan kunne da sarƙa da ƙarfen hanci da allurar hijabi. Hijabin da babu ƙarfe a jikinsa ba ya tare hasken. Wanda ba a iya cirewa shi ne haƙorin Makka. Ƙarfe yana watsa hasken, ya bar zane-zanen fari da baƙi a kewayensa, har ya rufe haƙoran maƙwabta. Hajiya ta san da wannan: idan abin da ake nema yana dab da haƙorinta na zinare, hoton na iya fitowa bai ce komai ba.

A ɗauki turmin ƙarshe na ƙasa, wanda ke fitowa bayan mutum ya balaga, galibi tsakanin shekara 17 da 25. A bakin mutane da yawa ba ya samun wuri, sai ya kwanta a karkace cikin ƙashi, ya leƙo kai kaɗan, dasashi ya rufe rabinsa, abinci ya riƙa maƙalewa, wurin ya kumbura har buɗe baki ya gagara. A ƙarƙashin saiwoyinsa akwai wata 'yar hanya a cikin ƙashi, jijiya na bi ta ciki, ta ɓullo ta wata ƙaramar kafa can gaba. Ita ce ke sa mutum ya ji leɓensa na ƙasa da haɓarsa. Idan aka murƙushe ta ko aka tsinke ta garin cire haƙori, rabin leɓe ya mutu ke nan: a kurɓi shayi mai zafi ba a ji ba, miya ta zubo ba a sani ba, mutum ya ciji leɓensa sai dai ya ga jini. Yawanci jin yana dawowa cikin makonni ko watanni. Akwai wanda ba ya dawo masa.

A hoton OPG, saiwa da hanyar jijiya sukan hau kan juna. Likita na neman wasu alamu: saiwa ta yi duhu a inda hanyar ta gitta ta, farin layin da ke gefen hanyar ya katse, ko hanyar ta karkata. Alamun suna cewa a yi hattara ne kawai. Ba sa faɗin ko jijiyar ta gefen harshe take, ko ta gefen kunci, ko ta ratsa tsakanin saiwoyi biyu. CBCT ne ke faɗa. Idan ya nuna sun manne sosai, likita na iya canza shiri, ya yanke kan haƙorin kaɗai ya bar saiwar a inda take muddin lafiyarta ƙalau, ko ya ce aikin ya fi ƙarfin kujerarsa, a kai wa ƙwararren likitan tiyatar baki da fuska.

Sai dai akwai abin da masu tallar injin ba sa gaggawar faɗa. A Denmak da Holan an yi gwaji, aka raba masu cire wannan turmi gida biyu, wasu da OPG kaɗai, wasu da ƙarin CBCT, kuma ba a ga lahanin jijiya ya ragu a wurin waɗanda aka yi wa ƙarin ba. A fahimtata, hoton yana nuna inda haɗarin yake ne, amma hannu ke kauce masa, kuma ƙwararren da ya ga alamun a OPG ya riga ya ɗauka jijiyar na kusa, yana tafiya a hankali. Shi ya sa ƙungiyar likitocin hoton haƙori ta Turai ta ce kada a mai da shi al'ada kafin kowane cire turmin ƙarshe, a yi shi kawai idan amsarsa za ta canza yadda za a yi aikin.

Inda hoton ke da nauyi sosai a wurinmu shi ne kumburin muƙamuƙi marar zafi. Kowa ya taɓa ganin irinsa a kasuwa ko a masallacin Juma'a, mutum gefen fuskarsa ɗaya ya ɗaga, ya kare shi da rawani ko mayafi. Yakan fara ƙarami, ba ciwo, ba zazzaɓi, shi ya sa ba a damuwa. Haƙoran wurin su fara girgiɗi, a je wa mai cire haƙori ranar kasuwa ya tumɓuke ɗaya, ramin ya ƙi warkewa. A yi ƙaho, a yi tsaga, a yi sakiya, wannan ya ce daji ne, wancan ya ce jifa ne. Shekara biyu ta wuce, biyar ta wuce. Cikin ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin da suka gina haƙori, wanda rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya suka fi ambata shi ne amilobilastoma. Ya fi kama muƙamuƙin ƙasa ta wajen turame, ya fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru. Ba sankara ba ce, da wuya ƙwarai ya yaɗu zuwa wani sashe na jiki, amma yana cin ƙashi daga ciki, yana hura shi har bangonsa ya zama siriri, kuma idan aka kankare shi sama-sama aka bar ragowa, dawowa yake yi.

Kafin likitan tiyata ya sa wuƙa yana da tambayoyin da inuwa ba ta amsawa. Daga ina zuwa ina ƙarin ya ci? Ya huda bangon ƙashin ta gefen harshe? A ƙasan muƙamuƙin akwai sauran lafiyayyen ƙashi da za a bari ya riƙe siffar fuska, ko sai an datse gaba ɗaya? Ina ya ture jijiyar leɓe? Ya hau har gaɓar da ke gaban kunne? A nau'in da ya fi naci, ana yanke ƙarin tare da kusan santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi ta kowane gefe, don haka kuskuren awo yana nufin ko a bar cuta a baya, ko a raba mutum da ƙashin da bai kamata ya rasa ba. Daga bayanan hoton kuma ana iya buga samfurin muƙamuƙin majinyaci da roba, a lanƙwasa ƙarfen taitaniyam da za a ɗaure wurin tun kafin ranar aiki, a san yawan ƙashin da za a ɗebo daga haƙarƙari ko ƙugu ko siririn ƙashin ƙwauri a cike gurbin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mintin da aka rage a ɗakin tiyata ragi ne na zubar jini da na maganin barci.

Hoton dai ba ya faɗin sunan cuta. Ƙari iri-iri da jakunkunan ruwa da ke tasowa a muƙamuƙi na iya yin kama da juna a allo, sai an gutsuro nama an kai ɗakin gwaji an duba. Kuma CBCT gwanin ƙashi da haƙori ne, ba gwanin nama ba. Tsoka da kitse da ƙari duk toka-toka suke fita a cikinsa. Da zarar ƙarin ya fasa ƙashi ya shiga nama, ko ya girma ya wuce abin da injin ke iya ɗauka, sai babban CT da allurar rini, ko MRI, wato hoton maganaɗisu mai nuna nama. Abin takaicin ke nan. Wanda ya zo da wuri, ƙaramin hoto mai ƙarancin haske ya ishe shi, aikinsa ma ƙarami. Wanda ya daɗe yana jira, hotonsa ya fi tsada, aikinsa ya fi girma, kuma galibi shi ne marar halin biya. Kumburin muƙamuƙin ƙaramin yaro mai girma cikin makonni kuwa wani lamari ne daban. Yana iya zama sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wadda ta fi yawa a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro. Maganinta allurai ne, tana kuma jin magani idan an zo da wuri, don haka babban asibiti ake nufa kai tsaye, ba yawon neman wurin hoto ba.

Sai karaya. Babur, harbin saniya ko jaki, faɗowa daga bishiya. Yaro ya faɗo daga mangwaro ya bugi haɓa, a ɗinke 'yar tsagar a sallame shi, alhali ƙarfin bugun ya tafi ya fasa kan muƙamuƙi a gaban kunne. Wannan wuri a hoton inuwa ƙasusuwan kai suna rufe shi, ana iya wuce karayar ba a gani ba. Idan aka bar ta, gaɓar na iya haɗewa da ƙashin kai, kowace shekara bakin na ƙara rufewa, haɓa ta ƙi girma, har yaro ya koma cusa tuwo ta tsakanin haƙora. Irin wannan kullewar baki ana ganin ta kuma a wurin waɗanda suka tsira daga cutar noma mai cin baki da fuska, wadda Sakkwato ke da asibitinta na musamman tun 1999. Wanda zai buɗe irin wannan gaɓa dole ya san kaurin ƙashin da ya haɗe da abin da ke bayansa. Amma wanda ya yi haɗari ya suma, ko yana amai, ko jini na fita ta kunne, ƙwaƙwalwarsa ake fara dubawa da babban CT, haƙori ya jira.

A wajen ceto haƙori maimakon cire shi, wato a kashe jijiyarsa a wanke saiwa a yi ciko, hoton na da rawar takawa idan aikin farko bai yi ba. Babban turmi na farko a sama saiwa uku gare shi, amma sau da yawa hanyoyin cikinsa huɗu ne, ta huɗun siririya ce, tana ɓuya a bayan 'yar'uwarta. Idan aka tsallake ta, ciwo ya ci gaba duk da an biya kuɗin aiki. Haka kuma ruɓar da ke ƙarshen saiwa ba ta bayyana a hoton inuwa sai ƙashin wurin ya rasa kusan kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na taurinsa, CBCT kuwa yana kama ta tun kafin nan. Mu dai a karkara ba mu cika kaiwa nan ba, cirewa ta fi araha, giɓi kuma ba abin kunya ba ne.

Dashen haƙori, wanda Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa ɗan Adam a Suwidin a 1965, yana cikin manyan abubuwan da suka yaɗa injin a duniya. Mai dasa kusar taitaniyam yana son sanin kaurin ƙashi da tsawonsa, ya bar tazarar kusan milimita 2 tsakaninsa da jijiyar leɓe, a sama kuma kada ya faɗa kogon da ke bayan kunci. Aikin masu hali ne, kuma injin yakan bi inda masu hali suke. A wajen yara, ana yin sa idan fiƙa ta maƙale a ƙashi ana tsoron tana cin saiwar maƙwabcinta, da kuma ga wanda aka haifa da tsagaggen leɓe da ganɗa idan lokacin cike ƙashin dasashinsa ya yi.

Kogon haƙori, wanda ake ce wa tsutsa ta ci, ba aikin CBCT ba ne. Ido da ƙaramin hoto sun fi shi gani, musamman idan akwai tsohon cikon ƙarfe a kusa. Dasashi mai jini ma da ɗan ƙarfen awo ake duba shi. Wanda kuma ciwon turminsa ya sauka ƙasan haɓa, wuya ya kumbura ya yi tauri, harshe ya ɗaga, haɗiya ta gagara, numfashi ya fara sarƙewa, wannan yana tseren sa'o'i ne da ajali. Asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata ake kai shi a daren, a buɗe a fitar da mugunya, a sa magani ta jijiya.

Maganar haske ita ce mutane ba sa tambaya, ita ce kuma ya kamata su tambaya. Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira maikrosibat. Ko ba a je asibiti ba, ɗan Adam na shan kusan 2,400 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, wato wajen 6.5 a rana, a matsakaicin lissafin duniya na 2008. Jagorar da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2012 ta nuna ƙaramin hoton cikin baki, idan an yi shi yadda ya kamata, bai kai 1.5 ba. OPG na tsakanin 3 da 24. CBCT na haƙora da ƙashin da ke riƙe su ya kama daga 11 har 674, mai ɗaukar fuska gaba ɗaya daga 30 har 1,073, babban CT na muƙamuƙai kuwa daga 280 har 1,410. A lura da faɗin tazarar. Hoto mai suna ɗaya na iya zama daidai da hasken kwana biyu, na iya zama na wata biyar, ya danganta da irin injin da yadda mai aikin ya saita shi. Babban abin da ke hannun ma'aikaci shi ne girman wurin da ya ɗauka. Idan haƙori ɗaya ake tuhuma, santimita 4 ko 5 ta kowane gefe sun isa, babu dalilin haska kai duka tun daga ido har maƙogwaro.

Haɗarin hoto ɗaya ga mutum ɗaya ƙanƙane ne, wanda yake da bukata kada tsoro ya hana shi. Amma ba sifili ba ne, kuma shekaru na canza shi. A lissafin jagorar nan, yaron da bai kai shekara 10 ba haɗarinsa ya ninka na ɗan shekara 30 sau uku, don jikinsa na kan girma, ga sauran rayuwa mai tsawo a gabansa, dattijon da ya haura 50 kuwa nasa bai kai rabi ba. Mace mai juna biyu ta faɗa kafin a fara. A Najeriya, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin injinan da ke fitar da irin wannan haske, kuma ba rashin kunya ba ne mutum ya tambaya ko wurin da aka tura shi yana da shi.

Tambaya ɗaya ta isa ta raba hoton wajibi da na kasuwanci, kuma ana iya yin ta cikin ladabi: "Ranka ya daɗe likita, me ake so a gani wanda na farkon bai nuna ba, kuma in an gani me zai canza?" Likitan da ya duba baki da kyau zai amsa nan take, ya ce jijiya ce yake tsoro, ko iyakar ƙari yake son sani. Wurin da ake ɗaukar kowa hoton tun likita bai leƙa bakinsa ba, ana biyan bashin inji ne da aljihun majinyata. Sabon injin yakan ci dala dubu hamsin zuwa sama da dubu ɗari, ga ɗaki mai kariyar dalma ko kaurin bango, ga wutar da ba ta rawa, ga injiniyan da za a kira daga nesa idan ya tsaya. Wanda ya zuba wannan kuɗi yana da dalilin son injin ya yi ta juyawa.

Saboda haka ba na cikin masu cewa a sai wa kowane babban asibiti nasa. Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, Jigawa 27. Abin da zai fi taimakon mutumin Doguwa ko Maigatari shi ne kujerar haƙori mai aiki a asibitin da ke kusa da shi, da ƙaramin injin hoto, da OPG a kowace shiyya, da ma'aikacin da zai ga kumburi tun yana ƙarami ya rubuta takardar turawa. CBCT wurinsa inda masu tiyatar baki da fuska suke, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da manyan asibitocin Dutse da Birnin Kudu, inda hoton zai faɗa hannun wanda zai yi aiki da shi. Ɗaukarsa daƙiƙu ne, karanta shi ilimi ne mai zaman kansa. Duk abin da ya shigo cikin hoton dole a duba shi, har da kogon hanci da ƙasan ƙoƙon kai da ƙashin wuya, ko da haƙori ɗaya aka je nema, don wani lokaci a can ake tsintar abin da ya fi haƙorin muhimmanci.

Wanda aka yi wa hoton ya tabbata ya karɓi cikakkensa a faifai ko filas, tare da rubutaccen rahoto. Takarda ɗaya da aka buga, ko hoton allon kwamfuta da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp, ya mai da shi inuwa irin ta da, likita ba zai iya yankawa ko aunawa ba. Da faifan a hannu, asibiti na gaba ba shi da dalilin sake haska mutum. Lokacin yin sa ma abin shawara ne. Hoton turmin da ya maƙale a bakin babba yana iya yin watanni bai tsufa ba, na ƙari kuwa yana tsufa, don ƙarin bai daina girma ba. Idan kuɗin tiyata sai an kai amfanin gona gida, a gaya wa likita gaskiya tun farko, shi ya tsara wane hoto za a yi yanzu, wanne za a bari sai dab da aiki. In ba haka ba, a sayar da akuya a yi hoto a watan Yuni, a dawo da kuɗin aiki a Nuwamba, likita ya duba ya ce ƙarin ya wuce inda hoton ya nuna, sai an sake.